Ƙananan Kalmomin Turanci Masu Juya Ma'anar Aya

A wani taron falkaswa da muka halarta shekarun baya, mai wa'azin baƙo ne. Da Turanci ya yi magana, wani matashin mai bishara kuma yana juya wa jama'a da Hausa. Baƙon ya kawo Yohanna 3:16 da ka, daga juyin King James. A wannan juyi, kalmar da aka sa kafin maganar hallaka ita ce *should*. Tafinta ya ji *should*, ya tuna abin da aka koya masa a makarantar sakandare, sai ya ce wa jama'a wanda ya ba da gaskiya “bai kamata ya hallaka ba.” Yawancin mutane ba su lura ba, don sun san ayar tun suna makarantar Lahadi. Amma da aka tashi, wata dattijuwa daga zumuntar mata ta tare mu a bakin ƙofa, ta ce, “Baba Fasto, yaron nan ya ce bai kamata mu hallaka ba. To, ai abin da bai kamata ba kullum yana faruwa. Bai kamata ɗa ya riga uwarsa mutuwa ba, ga shi na binne biyu. Cetona ma haka yake?”

Muka ce mata, “Mama, zauna mu duba tare.” Muka buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ta ji ayar kamar yadda ta saba jinta, hankalinta ya kwanta. Tafintan kuwa ba jahili ba ne. Ya san ma'anar *should* guda ɗaya, wadda ta fi yawa a bakin mutane, ita ce “ya kamata”. Abin da bai duba ba shi ne wata ƙaramar kalma da ta zo tun a baya cikin jimlar, wato *that*. Ita ce ta sauya aikin *should* gaba ɗaya.

Yawancinmu da Hausa muke wa'azi, amma littattafan da muke shiri da su, da sharhin Littafi Mai Tsarki, da kundin tsarin ikilisiya, da takardun jarrabawa, kusan duka da Turanci suke. Manyan kalmomin tauhidi ba su cika ba mu wahala ba, gama idan muka gamu da su mukan tsaya mu buɗe ƙamus. Ƙananan ne muke tsallakewa, muna ganin mun san su. Alhali su ne suke nuna ko Allah umarni yake bayarwa, ko alkawari yake yi, ko izini ya bayar, ko kuwa sharaɗi ya gindaya.

Iri biyu ne za mu duba. Na farko, mataimakan aikatau, wato *can, could, may, might, shall, should, will, would, must* da *ought to*. Ba sa faɗin aikin da kansu, sai dai su tsaya gaban aikatau su nuna matsayinsa: dole ne, ko mai yiwuwa ne, ko an yarda ne, ko nan gaba ne. Siffarsu ba ta da wuya. Ba a ƙara musu *s* a ƙarshe, ba a sa *to* bayansu in ban da *ought*, kuma aikatau da ke biye da su yana zuwa ne a sifarsa ta asali. Wanda ya rubuta *he can preaches* ya yi kuskure, amma kuskure ne da ba ya ɓad da kowa. Na biyu su ne mahaɗai, kalmomin da suke ɗaure sashen jimla da wani sashe, irin su *if, when, since, for, because, that, so that, unless* da *lest*. Abin da muke so mu riƙe shi ne, ba a yanke wa mataimakin aikatau ma'ana sai an waiwaya an ga mahaɗin da ya jawo shi.

Should, may da might bayan mahaɗin nufi

Mu koma Yohanna 3:16. A Helenanci akwai kalma *hina*, wadda take nuna nufi ko manufa, kamar “domin” a Hausa. Aikatau da ke biye da ita yana da siffa ta musamman. Hausa ma tana da irin wannan siffa. Muna cewa “na aike shi domin ya sayo hatsi”, ba ma cewa “domin zai sayo”. Idan kuma nufin hanawa ne, sai mu ce “domin kada”. Turanci ya rasa yawancin wannan siffa tun da daɗewa, saboda haka sai ya ari mataimakan aikatau su cike gurbin. Shi ya sa juyi uku suka zaɓi kalma uku dabam dabam a wannan aya ɗaya. King James na 1611 ya sa *should*. New International Version, wanda aka kammala a 1978, ya sa *shall*. New Revised Standard Version na 1989 ya sa *may*. Wanda ya ɗauki kalmomin nan ɗai ɗai zai ce na farko shawara ce, na biyu tabbaci ne, na uku kuwa “wataƙila” ne. Ba haka ba ne. Dukansu abu ɗaya suke faɗa, wato manufar da ta sa Allah ya ba da Ɗansa.

Haka yake a aya ta 17, inda King James da English Standard Version na 2001 suka sa *might* a kan ceton duniya. A hira ta yau da kullum, idan mutum ya ce *I might come*, bai tabbata ba, kada ka dafa abinci dominsa. Amma bayan *that* ko *so that* ko *in order that*, *might* ba shakka take nunawa ba. Ƙa'idar jerin lokaci ce ta kawo ta. Idan aikatau na farko a lokacin yanzu yake, a sa *may*. Idan ya wuce, a sa *might*. Ga misali namu: *We teach them so that they may serve* da *We taught them so that they might serve*. Bambancin jimlolin nan biyu na lokaci ne kawai. A Hausa duka biyun “domin su yi hidima” za mu ce.

Mun sha jin ɗalibi a ajin wa'azi ya gina darasi guda a kan *might* ta Yohanna 10:10, yana cewa rai a yalwace ba tabbas ba ne, tun da Yesu “wataƙila” ya ce. Yesu bai ce “wataƙila” ba, kuma da Turanci ma bai yi magana ba. Akwai tambaya ta gaske a tauhidi game da yadda nufin Allah yake haɗuwa da amsawar mutum, ikilisiyoyi kuma sun daɗe suna muhawara a kanta. Amma wannan *might* ba ta goyi bayan kowane ɓangare ba. Wanda zai yi muhawarar, sai ya nemi hujjarsa a wani wuri.

Akwai kuma *lest*, tsohuwar kalma da ba a cika ji a baki ba yanzu, amma ta cika King James da Revised Standard Version na 1952. Ma'anarta “domin kada”. Hanin yana cikinta, ba ta bukatar *not*. A Afisawa 2:9, inda Manzo Bulus yake bayyana dalilin da ya sa ceto ba ta wurin ayyuka ba ne, waɗannan juyi biyu sun sa *lest* tare da *should*. New International Version ya sa *so that* tare da *can*, English Standard Version kuma *so that* tare da *may*. Ma'ana ɗaya ce: an toshe ƙofar fariya. Tafintan da ya ji *should* kusa da kalmar fariya, bai kuma kama *lest* ba, yana iya gaya wa jama'a akasin abin da ayar ta faɗa.

Will da ba ta nufin “za”

An koya mana cewa *will* ita ce “za”. Gaskiya ne a Turancin yau. Amma asalin kalmar “so” ne ko “nufi”, kuma a zamanin da aka yi juyin King James wannan ma'ana tana nan da ƙarfinta. Wurare da dama da muka ga *will* a wannan juyi, abin da ke Helenanci shi ne *thelo* ko *boulomai*, duka biyun kuwa so da nufi suke nunawa.

Misali mafi nauyi shi ne 1 Timoti 2:4. King James ya sa *will* a maganar ceton dukan mutane. Wanda ya karanta ta a matsayin “za” zai fito da koyarwa cewa kowa da kowa za a cece shi a ƙarshe, ko ya tuba ko bai tuba ba. Revised Standard Version ya sa *desires*, New International Version ya sa *wants*. Bulus yana faɗin abin da Allah yake so ne, domin ya ƙarfafa Timoti a kan yin addu'a saboda dukan mutane, har da sarakuna da masu mulki. Ba annabci yake yi a kan adadin waɗanda za su tsira ba.

A wasiƙar dai, sura 6 aya 9, an sake samun *will*, wannan karo a kan arziki. Idan “za” ce, ma'anar ta zama duk wanda zai yi arziki nan gaba ya faɗa cikin tarko, sai mu sa ɗan kasuwa mai gaskiya a cikin ikilisiya ya ji kamar an riga an yanke masa hukunci. Amma gargaɗin a kan masu ƙwallafa rai ne, waɗanda suka sa yin arziki ya zama burinsu. Matalauci yana iya shiga cikinsu, mai dukiya kuma yana iya kuɓuta. Bulus da kansa, a aya ta 17 zuwa 19, ya ba masu arziki umarni dabam, bai ce sun hallaka ba. Haka kuma a Yohanna 5:40, *will not* ba faɗin abin da zai faru ba ne. Ƙin zuwa ne da gangan, shi ya sa sababbin juyi suka sa *refuse*. A Matiyu 16:24, inda Yesu yake kira ga ɗaukar gicciye, *will* ta zo bayan *if*. Wannan ma alama ce. A Turanci ba a cika sa *will* ta lokaci mai zuwa bayan *if* ba. Ana cewa *if he comes*, ba *if he will come* ba. Saboda haka in ka ga *will* ko *would* nan da nan bayan *if*, fara zaton “in yana so” ake nufi.

Shall kuwa fuska biyu gare ta, wani lokaci a aya ɗaya. Dubi Farawa 2:16 da 17 a Revised Standard Version. A aya ta 16 an sa *may*, izini ke nan, an sakar wa mutum itatuwan gonar. A aya ta 17 *shall* ta zo sau biyu. Ta farko tare da *not*, hani ce, “kada”. Ta biyu a kan mutuwa, faɗin abin da zai faru ne babu makawa. New International Version ya raba su, ya sa *must not* a ta farko, *will* a ta biyu. A Dokoki Goma, Fitowa sura 20, *shall not* hani ce. A Romawa 10:13, *shall* ta King James alkawari ce. Yadda za a rarrabe ba wuya: tambayi kanka, wa zai aikata? Idan mai sauraro ne ake ɗora wa aikin, umarni ne. Idan Allah ne zai aikata, ko abin zai auku wa mutum ne, alkawari ne ko gargaɗi.

Waɗanda suka yi makaranta a hannun tsofaffin malamai za su tuna ƙa'idar nan, cewa *I* da *we* suna ɗaukar *shall*, sauran kuma *will*, in ana son nuna ƙuduri sai a juya su. John Wallis, masanin lissafi na Oxford, ya rubuta ta a littafinsa na nahawun Turanci a 1653. Juyin King James ya girme ta da shekara 42, don haka kada a auna shi da ita. A Turancin yau ma, musamman na Amurka, kusan ba mai binta.

Idan, sa'ad da, tun da yake

A nan Hausa ce take iya ruɗe mu. Kalmarmu “idan” tana ɗaukar abu biyu. Muna cewa “idan gari ya waye za mu tafi”, ba wanda yake shakkar gari zai waye. Muna kuma cewa “idan ya biya bashin za mu sake shi”, alhali ba mu san ko zai biya ba. Turanci ya raba su: *when* ga abin da ake sa rai tabbas zai zo, *if* ga abin da ya rataya. A Matiyu 6, aya ta 2 da ta 5 da ta 16, a kan sadaka da addu'a da azumi, *when* aka sa. Yesu bai bar wa almajiransa zaɓi ko su yi ko su bari ba. Ya ɗauka za su yi, yana koya musu yadda za su yi ne. Mai wa'azin da ya juya da “idan” bai yi ƙarya ba, amma mai sauraro yana iya jin azumi ganin dama ne. “Sa'ad da” ko “duk lokacin da” ta fi fitar da ma'anar. Haka kuma in muna rubutu da Turanci, kada mu rubuta *if Christ returns* muna nufin “idan Almasihu ya dawo”. Malamin da zai duba takardar zai ɗauka muna shakkar dawowarsa.

Ba kowace *if* ce take nuna shakka ba kuma. A Kolosiyawa 3:1, King James da English Standard Version sun fara da *if* a kan tashinmu tare da Almasihu, New International Version kuwa ya sa *since*, wato “tun da yake”. Dalilinsa a bayyane yake, gama a 2:12 Bulus ya riga ya faɗa musu an tashe su tare da shi. Ba tambayarsu yake yi ba, yana gina gargaɗi ne a kan abin da ya tabbata. Amma mu yi hankali, don wasu littattafan sharhi sun wuce gona da iri, suna koyar da cewa duk inda aka sami wannan gini na Helenanci sai a juya shi “tun da yake”. Gini ɗaya ne a 1 Korintiyawa 15:13, inda Bulus ya ɗauki maganar masu musun tashin matattu domin ya nuna inda za ta kai su. Shi ne kuma a Matiyu 12:27, inda Yesu ya ɗauki zargin cewa da ikon Ba'alzabul yake fitar da aljanu. Sa “tun da yake” a waɗannan wurare saɓo ne. Ginin yana cewa ne kawai “mu ɗauka haka ne”, sauran nassin ne zai nuna ko marubucin ya yarda.

Akwai *if* ta uku, ta abin da bai faru ba. A nan Hausa ta fi Turanci sauƙi, gama muna da “da … da”: da ka zo jiya, da ka same shi. Turancin yau yana bukatar *if* da *had* a sashe na farko, *would have* a na biyu. Maganar Marta ga Yesu a Yohanna 11:21 irin wannan ce. Abin sha'awa, King James bai sa *would* a wurin ba, ya maimaita *had* ne a sassan biyu, kusan yadda muke maimaita “da”. Ɗalibai sukan ɗauka kuskuren bugu ne.

*Unless* kuwa “in ba” ce, ko “sai dai in”. A King James aikinta *except* take yi, kamar a Yohanna 3:3 a kan sabuwar haihuwa, da Luka 13:3 a kan tuba. Yau *except* “ban da” take nufi, shi ya sa jimlar takan yi wa sabon mai karatu nauyi.

For: dalili ko shaida?

Wannan ce muka fi so a dakata a kanta. *For* a farkon sashen jimla ba “domin wani” take nufi ba, “gama” ce. Sau da yawa tana kawo dalili. A Filibiyawa 2:12 an umarci masu bi su yi aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, aya ta 13 kuma ta fara da *for*, tana cewa Allah ne yake aiki a cikinsu. Wanda ya yi wa'azi a kan aya ta 12 ya tsaya, ya aika jama'a gida da kaya ba tare da abin ɗauka ba. *For* ɗin ce take nuna cewa aikinmu yana tsaye ne a kan aikin Allah.

Amma *for* tana da wani aiki, na kawo shaida. Idan muka ce “an yi ruwa da dare, gama ƙasa a jiƙe take”, jiƙewar ƙasa ba ita ta jawo ruwan ba, ita ce ta nuna mana an yi shi. Yanzu dubi Luka 7:47, labarin mace mai zunubi a gidan Saminu Bafarisiye. King James, Revised Standard Version da English Standard Version duka sun haɗa gafarar zunubanta da yawan ƙaunarta da kalmar *for*. Idan dalili ce, to ƙaunarta ce ta saya mata gafara. Idan shaida ce, an riga an gafarta mata, ƙaunar kuma ita ce alamar da kowa yake gani. Nahawun Turanci shi kaɗai ba zai raba gardamar ba, kalmar Helenanci da ke wurin ma, *hoti*, tana ɗaukar duka biyun. Abin da ya raba ta shi ne misalin da Yesu ya bayar a aya ta 41 zuwa 43: mutum biyu ana binsu bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya 50, aka yafe musu, sa'an nan aka tambaya wa zai fi ƙauna. Yafewa ce ta fara, ƙauna ta biyo. Ƙarshen aya ta 47 ma haka ya jera su, aya ta 50 kuma ta ce bangaskiyarta ce ta cece ta. Good News Bible na 1976 ya fito da wannan a fili, ya juya wurin da ma'anar cewa ƙaunarta tana tabbatar da gafarar. A ganinmu wannan ne daidai. Mai wa'azin da ya ce “saboda ta yi ƙauna mai yawa aka gafarta mata” ya koyar da ceto ta wurin ayyuka, ko da bai yi niyya ba, a kan kalma mai harafi uku.

*Therefore* ba ta bukatar dogon bayani. Masana nahawu ba su lissafa ta cikin mahaɗai na ainihi ba, amma aikin ɗauri take yi, “saboda haka”. Ta Romawa 12:1 tana ɗauke da surori 11 a bayanta. Duk inda nassin wa'azinka ya fara da ita, ka fara karatu tun daga baya.

Sa'ad da mu ne masu rubutu

Ba karatu kaɗai muke yi ba. Muna rubuta rahoton taron majalisa, da sanarwa, da wasiƙun horo, wani lokaci kuma a sa mu cikin kwamitin gyaran kundin tsari. A harshen doka, *shall* wajibi ce, *may* kuwa dama ce da aka bayar, a yi ko a bari. Haka ake amfani da su a Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, haka kuma kundin ikilisiyoyinmu suka gada. *The council shall meet every quarter* tana nufin in wata uku suka wuce ba a zauna ba, an karya doka. *The council may suspend a member* tana nufin majalisa tana da iko, amma ba a tilasta mata ba. Mun taɓa zama a wani taron dattawa da aka shafe sa'o'i ana jayayya a kan wani ɗan'uwa da ya yi laifi ya kuma tuba. Wasu suka nace kundi ya ce dole a dakatar da shi. Da aka kawo kundin aka karanta, *may* ce a wurin. Dattawan suna da damar yin jinƙai tun farko, ba su sani ba. *Should* kuma a irin wannan takarda shawara ce mai ƙarfi, ba ta kai doka ba. In kwamiti yana nufin wajibi, kada ya sa ta.

Wurin korewa ma akwai tarko. *Must* “dole” ce, amma *must not* ba “ba dole ba ne” take nufi ba. Hani ce, “kada”. “Ba dole ba ne” ita ce *need not* ko *do not have to*. Sakataren da yake so ya ce ba lalle ne gwauraye su biya kuɗin gini ba, ya rubuta *widows must not pay*, ya hana su bayarwa ke nan, har da wadda take so ta ba da nata da farin ciki. *May not* kuwa ta fi haɗari, don tana iya zama “an hana” ko “wataƙila ba”. *The pastor may not attend* tana iya nufin an hana fasto zuwa, tana kuma iya nufin mai yiwuwa ba zai samu zuwa ba. A rahoton taro, gara a kauce mata, a rubuta *is not permitted to* ko *might not be able to*, gwargwadon abin da ake nufi.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a Turancinmu na Nijeriya, ta sa *would* da *could* a wurin *will* da *can* don ana jin sun fi ladabi. Sai ka ga sanarwa ta ce *the service would begin at nine*. A tsakaninmu kowa ya gane. Amma ga wanda ya koyi Turanci a wani wuri, *would* tana jiran *if*, sai ya tsaya yana sauraron sharaɗin da zai hana a fara sujadar. A wajen roƙo, *would you* da *could you* ladabi ne na gaske, a yi amfani da su. A wajen sanar da abin da aka riga aka tsayar, *will* ce daidai. Wannan yana da muhimmanci ga masu rubuta wa ikilisiyoyi ko makarantu na ƙasashen waje: wasiƙar da ta ce *we would send the report in March* ba ta yi alkawari ba a kunnen mai karɓa, ko da marubucin alkawari yake nufi.

Ga masu yin tafinta kuwa, shawararmu ita ce su nemi nassosin mai wa'azi kafin a hau bagade, su sa alama a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Tun 1932 muke da cikakken juyi a harshenmu, waɗanda suka yi wannan aiki da waɗanda suka sabunta shi daga baya sun riga sun yi fama da kowace *hina* da kowace *hoti*. Idan baƙo ya kawo aya da ka, ba laifi ba ne tafinta ya ce masa, “Ranka ya daɗe, a ba ni sura da aya,” ya buɗe ya karanta.